Ƙudurin Bincike a Ma'aunin Muƙaddimar Magabata: Tsokaci a Kan Nazarin Gadon Ilimin Gwandu

Tsakure

Wannan maƙala tsokaci ce a kan yadda ake rubuta ƙudurin bincike a fagen nazarin addinin Musulunci, musamman ƙudurorin da suka shafi malaman Gwandu da rubuce-rubucensu. Ta ɗauki manyan sassan ƙudurin, wato dalilin bincike da bitar ayyukan da suka gabata da farfajiya da hanyoyin gudanarwa, ta auna su da ma'aunin da magabata suka bari a muƙaddimomin littattafansu, tana kafa hujja da ayyukan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Matsayar da ta cimma ita ce, raunin da ake gani a kundayen digiri yakan faro ne tun daga ƙudurin, a lokacin da ɗalibi ya cika kanun sassa alhali ba shi da tambayar da yake neman amsarta.

1.0 Gabatarwa

Ƙudurin bincike shi ne takardar da ɗalibi ke gabatarwa gaban sashensa kafin a yi masa izinin fara rubuta kundi. A cikinsa yake faɗin abin da zai bincika, da dalilin binciken, da inda zai tsaya, da hanyar da zai bi. Alkawari ne tsakaninsa da malamansa, kuma a fagen addini alkawarin ya fi nauyi, domin abin da za a rubuta zai shiga hannun masu wa'azi da masu koyarwa, su kuma su isar da shi ga jama'a da sunan ilimi.

Ƙasar Gwandu na daga cikin wuraren da wannan magana ta fi shafa. A Gwandu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka da jama'arsa a 1805, daga baya garin ya zama cibiyar yammacin daula a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, hubbarensa kuma yana nan a garin. A yau Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo, a cikin masarautar Gwandu. 'Ya'yan wannan yanki suna kuma neman manyan digirori a Sakkwato da Zariya da Kano da sauran wurare, kuma da yawansu, in an zo zaɓen take, gida suke waiwaya. Wannan abin yabo ne. Abin dubawa shi ne irin takardar da suke fara tafiyar da ita.

2.0 Dalilin Bincike: Yabo a Gurbin Tambaya

Taken da ya fi yawo a wannan fage shi ne mai cewa za a yi nazarin gudummawar malam wane wajen bunƙasa ilimin addini a gari kaza. Aibin irin wannan take a fili yake: ya riga ya ƙunshi amsarsa. Wanda ya ce zai binciki gudummawa ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe littafi cewa akwai gudummawar, kuma babba ce. Abin da ya rage masa shi ne tara tarihin haihuwa da jerin malamai da sunayen littattafai, ya rufe da addu'a. Idan aka duba sashen dalilin bincike a irin wannan ƙuduri, sai a tarar da jimla guda da ake ta gadonta, cewa ba a yi wa malamin adalci ba, ko ba a yi rubutu a kansa yadda ya kamata ba. Ƙauna ce ke magana a nan, ƙauna kuwa ba ta wadatar a matsayin hujja.

Magabata sun riga sun yi wa wannan ciwo magani. Ibn Hazm ya yi magana a kan manufofin da ake wallafa littafi dominsu, Ibn Khaldun ya ware wa batun fasali a Muƙaddimarsa, Hajji Khalifa kuma ya maimaita shi a Kashfuz Zunun. Manufofin bakwai ne: ƙirƙiro abin da ba a riga mutum gare shi ba, ko cika abin da aka bari da giɓi, ko warware abin da ya shige duhu, ko taƙaita mai tsawo ba tare da ɓata ma'ana ba, ko tattara abin da ya warwatsu, ko tsara abin da ya cakuɗe, ko gyara kuskuren da wani ya yi. Da za a tambayi mai ƙuduri a wanne daga cikin bakwai ɗin aikinsa ya faɗa, da takardu da yawa sun koma hannun masu su tun a zama na farko.

Rayuwar Malam Abdullahi kanta cike take da tambayoyi na gaskiya. Sananne ne cewa ya yi saɓani na ilimi da Shehu a kan wasu mas'aloli na mulki, kamar laƙabin sarauta, da kayan kiɗa, da sanya tufafin alhariri da zinariya a wasu halaye. Ra'ayinsa yana cikin littattafai irin su Liya'us Sulɗan, na Shehu kuma yana cikin Misbahu Ahliz Zaman da Najmul Ikhwan. A ƙarshen Najmul Ikhwan ne Shehu ya nuna wa almajirai fifikon kowane ɗaya daga cikin su ukun, ya siffanta ƙanensa da tsayuwa kan zahirin shari'a, ɗansa Muhammadu Bello kuma da sanin siyasar al'umma. Ɗalibin da ya tambaya: da waɗanne hujjoji na usul kowane ɓangare ya dogara a mas'ala guda daga cikin waɗannan, kuma daga waɗanne littattafan Malikiyya suka ɗebo su, ya sami matsalar da za ta ɗauki kundi. Wanda ya ji nauyin taɓa saɓanin saboda girmamawa, ya manta cewa su da kansu suka rubuta shi, suka bar shi domin a karanta.

3.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Sashen bita shi ne inda ake gane ko ɗalibi ya yi karatu. Abin da aka saba gani shi ne jerin sakin layi masu kama da juna: wane ya rubuta kaza a shekara kaza, aikinsa yana da alaƙa da wannan bincike domin duka sun shafi addini, sun bambanta domin shi a Zamfara ya yi nasa, wannan kuwa a Kabi za a yi. Bambancin gari kaɗai ba ya halatta sabon kundi. Bita tana nufin a faɗi abin da marubucin ya kafa, da hujjar da ya kafa shi da ita, da inda hujjar ta tsaya, domin daga inda ta tsaya ne sabon aiki ke tashi.

A nan ma akwai abin koyi a gida. A 1812 Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Ya ambaci abin da ya karanta wurin yayansa Shehu na nahawu da tauhidi da fiƙihu da waƙoƙin Larabci, da karatunsa na Sahihul Bukhari wurin Muhammadu ɗan Raji, da zamansa gaban Malam Jibrilu ɗan Umar. Mai karanta wannan ɗan littafi zai san daga ina ilimin marubucin ya fito, ya kuma iya bin sawunsa. Wannan ita ce manufar bita a asalinta: mutum ya nuna silsilarsa, ya ce ga waɗanda ya tsaya a kafaɗarsu.

Saboda haka ƙudurin da ya shafi Gwandu yana da silsilar da ba zai tsallake ba. Mervyn Hiskett ya buga Ida'un Nusukhi da fassara a 1957, ya kuma buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963. Murray Last ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. S. A. Balogun ya rubuta kundin digirinsa na uku a Ibadan a 1970 a kan masarautun Gwandu a ƙarni na 19. Abubakar Aliyu Gwandu ya rubuta nasa a Jami'ar Durham ta Ingila a 1977 a kan Malam Abdullahi a matsayin masanin fiƙihu. A 1995 John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na babban kundin da ya tattara sunayen rubuce-rubucen Larabci na Afirka, wanda ya jera ayyukan malaman wannan yanki da wuraren da ake samun kwafinsu. Wanda ya rubuta cewa ba a yi aiki a kan Malam Abdullahi ba, alhali bai buɗe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ba da shaida ne a kan abin da bai halarta ba.

Wani aibin kuma shi ne karɓo magana daga hannu na uku. Ɗalibi yakan ambaci Liya'ul Hukkam, littafin da Malam Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano lokacin da ya sauka a can da niyyar wucewa gabas, amma daga kundin wani ɗalibi ya ɗauko maganar, shi ma daga wata fassara ya ɗauko. Malaman hadisi sun san wannan da sunan tadlisi, wato ɓoye wanda aka ji magana daga gare shi. Abin da ba a yarda da shi a ruwaya ba, bai kamata a sassauta masa a kundi ba.

4.0 Farfajiyar Bincike

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar faɗin farfajiya a matsayin alamar himma. Sai mutum ya ce zai nazarci tunanin Malam Abdullahi a tafsiri da fiƙihu da siyasa da tarbiyya, duka a cikin watannin da aka ɗiba wa digiri na biyu. Mutumin da ya rubuta Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, da Miftahut Tafsir a ilimomin Alƙur'ani, da jerin littattafan da sunansu ya fara da Liya'u, ba a ɗaukarsa a kai ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya haɗiye taɓarya zai kwana tsaye.

Darasin iyakance aiki yana nan a tafsiransa guda biyu. A muƙaddimar Liya'ut Ta'wil, wanda ya kammala a shekara ta 1231 bayan hijira, daidai da 1816, ya bayyana bukatar da ta sa shi rubutun, da abin da zai kula da shi na li'irabi da balaga da ƙira'o'i da hukunce-hukunce. Ya gabatar da ƙira'ar Nafi'u ta ruwayar Warshu domin ita ce ƙira'ar mutanen ƙasarsa, ya kuma kula da mazhabar Malik saboda wannan dalilin. Bayan wasu shekaru ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya rage nauyin, ya tsaya ga ruwayar Warshu da abin da ya shahara a mazhaba, domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Mai karatu guda aka canza, sai iyakar aikin ta canza. Duk abin da ake nema a ƙudurin zamani yana cikin wannan: wa ake yi wa aikin, mece ce bukatarsa, me za a shigar, me za a bari, kuma don me.

Haka nan ginshiƙai goma da malamai ke shimfiɗawa a farkon kowane fanni, waɗanda Muhammad ibn Ali as-Sabban ya tattara a baitoci sanannu, ba su da nisa da wannan. Daga cikinsu akwai iyakar fanni, da abin da yake magana a kai, da amfaninsa, da dangantakarsa da sauran fannoni, da inda yake samo madogararsa, da mas'alolinsa. Ɗalibin da ya taso a makarantar zaure ya riga ya san waɗannan. Abin takaici shi ne in ya zo jami'a sai ya ajiye su a bakin ƙofa, ya ɗauki kanun ƙuduri a matsayin baƙon abu da ake cikawa don a wuce.

5.0 Hanyoyin Gudanar da Bincike

Wannan sashe ne ya fi shan wahala. An aro takardar tambayoyi daga fannonin nazarin zamantakewa, aka mai da ita ma'aunin komai. Sai a ga ƙudurin da batunsa tafsiri ne, amma hanyarsa ita ce raba takardu ga mutane a kasuwa da ofisoshi, a tambaye su ko sun yarda cewa Malam Abdullahi ya yi wa addini hidima. Duk wanda aka tambaya zai ce ya yarda, a fitar da kaso cikin ɗari, a zana jadawali. Ba a ƙaru da komai ba. Tambaya ce ke zaɓen hanya. In tambayar a kan nassi take, hanyarta karatun nassi ce da gwada kwafi da kwafi. In a kan yadda mutane ke rayuwa da nassin take, hanyarta zama da su ce da sauraro da lura.

Ga mai aiki da rubutun hannu, ƙuduri ba ya cika sai ya amsa tambayoyi sanannu. Kwafi nawa ya gani da idonsa? A ina suke? A Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko a Arewa House, ko a taskar shirin binciken tarihin Arewa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Ibadan, ko a gafakar wani gida a Gwandu? Wa ya kwafe, yaushe, daga wane asali? Wanne zai ɗauka a matsayin uwa, kuma da wace hujja? Sannan, mece ce shaidar cewa littafin na wanda aka jingina wa ne?

Tambaya ta ƙarshen nan tana da tarihi a Gwandu. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin, aka ba shi aron kwafin Tarikhus Sudan, ya kwashi abin da ya iya kwasa daga ciki. Ta wannan hanya ce Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai daki-daki. Amma Barth ya jingina littafin ga Ahmad Baba na Timbuktu, sai daga baya aka tabbatar cewa na Abdurrahman as-Sa'adi ne. Wannan labari yana koyar da abu biyu. Na farko, taskokin Gwandu sun taɓa riƙe littattafan da duniya ke nema. Na biyu, ƙwararren mai lura ma yana iya kuskuren jingina littafi in lokaci ya ƙure masa kuma kwafi ɗaya ne a gabansa.

Akwai kuma haƙƙin masu littattafai, wanda ƙudurori ba su cika ambata ba. Gidajen malamai sun riƙe waɗannan takardu shekaru aru-aru, suna kare su daga gara da ɗigar damina da gobara. Mai bincike ya kamata ya rubuta tun a ƙuduri yadda zai nemi izini, da cewa hoto zai ɗauka a gaban mai abu ba tare da fitar da asalin daga gida ba, da cewa zai mayar wa gidan kwafin abin da ya ɗauka da na kundinsa. Duk wanda ya ci amanar gida ɗaya ya rufe ƙofa ga waɗanda za su zo bayansa.

6.0 Uzurin da Ake Kawowa

Adalci ne a saurari masu kare halin da ake ciki. Suna cewa ɗalibi mai koyo ne, tsayayyen tsari yana hana shi ɓata. Malamai masu duba aiki kaɗan ne, ɗalibai kuwa da yawa. Kuɗin tafiya Kaduna ko Ibadan ba kowa ke da shi ba. Larabcin wasu kuma bai kai na karanta rubutun hannu na Magaribi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma kanun sassan ƙuduri ba su da laifi a kan kansu. Sai dai uzurin ƙarancin hali hujja ce ta ƙanƙanta farfajiya. Wanda ba zai iya zuwa Ibadan ba zai iya zuwa Gwandu. Wanda ba zai iya tahƙiƙin babban littafi ba zai iya siffanta takardun gida ɗaya, ya ƙirga su, ya rubuta farkon kowace da ƙarshenta da halin da take ciki. Wannan ƙaramin aiki ya shiga cikin manufa ta biyar, wato tattara abin da ya warwatsu, kuma zai amfani mutane bayan an manta da kundayen yabo.

7.0 Misalin Ƙuduri Mai Tambaya

A ɗauki wannan misali. An san cewa Tafsirul Jalalaini shi ne littafin da aka fi jan baƙi da fassara da shi a majalisun tafsiri na ƙasar Hausa. An kuma san cewa Malam Abdullahi ya rubuta Kifaya domin mutanen wannan ƙasa, kuma an buga Liya'ut Ta'wil a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Tambaya ita ce: a majalisun tafsirin watan Ramadan na garin Gwandu da garin Kalgo, wane littafi ne a hannun malami, kuma mene ne matsayin tafsiran Malam Abdullahi a wurinsa?

Farfajiyar a ƙayyade take: garuruwa biyu, azumi ɗaya, majalisu ƙididdigaggu da aka faɗi dalilin zaɓensu. Hanyar ta fito daga tambayar: halartar majalisa, rubuta littafin da ake karantawa da waɗanda ake komawa gare su, tambayar kowane malami wurin wa ya karanci tafsiri kuma da wane littafi, da duba kwafin da yake riƙe da shi, bugu ne ko rubutun hannu. Jadawalin lokaci dole ya bi kalandar Musulunci, domin wanda azumi ya wuce shi sai ya jira shekara. Mafi muhimmanci, mai ƙudurin bai san amsar ba. In ya tarar ana karanta Kifaya, ya gano silsilar da ta rayu kusan shekara ɗari biyu. In ya tarar an bar ta, ya buɗe tambayar yaushe da kuma don me. Kowace fuska sakamakon ya kalla, an ƙaru. Wannan ita ce alamar da ake gane ƙuduri mai rai da ita.

8.0 Kammalawa

Nauyin gyara yana kan kwamitocin da ke sauraron ƙuduri kafin ya hau kan ɗalibai. Tambayoyi huɗu sun isa a zaman kare ƙuduri: mece ce tambayar a jimla ɗaya, a wace manufa daga cikin bakwai aikin ya shiga, wane littafi na asali ɗalibin ya riga ya riƙe da hannunsa ya karanta, kuma wane sakamako ne, in ya fito, zai rushe zatonsa. Wanda ya kasa amsawa a ba shi lokaci ya koma ya shirya, domin mayar da takarda mai shafi goma ya fi sauƙi a kan mayar da kundi mai shafi ɗari biyu.

Takardun da ke gidajen Gwandu da ƙauyukanta ba sa jira, dattawan da suka san silsilar karatunsu kuma suna ta raguwa. Kowace shekara da aka ɓatar wajen maimaita abin da aka riga aka faɗa, an ɗebe ta ne daga lokacin da ya rage na ceto abin da ba a rubuta ba. Malam Abdullahi ya faɗi malamansa, ya faɗi madogararsa, ya faɗi wanda yake rubuta wa da inda zai tsaya. Mafi ƙarancin haƙƙinsa a kan masu nazarinsa shi ne su fara aikinsu kamar yadda ya fara nasa. Allah shi ne mafi sani, kuma shi ne mai datarwa zuwa ga daidai.